Kafin Ka Damƙa Wa Lauya Takardunka a Legas: Shaidar Jama'a, Rajista, ko Kamfanin Bincike?

Da yawa daga cikin mutanenmu na Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago ba su taɓa leƙa ɗakin kotu ba sai ranar da rigima ta kai su. Lauyan da suka sani a talabijin suka gan shi: yana zagaya tsakar kotu, yana nuna shaida da yatsa, can dab da ƙarshe ya zaro wata takarda daga aljihu, mai laifi ya fashe da kuka, alƙali ya buga guduma. Kafin shayi ya huce an yanke hukunci. Kallon ba shi da laifi. Ɓarnar tana zuwa ne ranar da aka kama direbanka ko wani ya hau filinka a Ikorodu, ka fita neman lauya da wannan ma'auni a kanka, wato wanda ya fi kowa baki da tsadar kwat.

Babbar Kotun Jihar Legas ba haka take aiki ba. Tun daga dokokin shari'ar da suka fara aiki a 2004, wanda zai shigar da ƙarar da ba ta laifi ba sai ya haɗo komai tun ranar farko: sunayen shaidu, bayanin kowane shaida a rubuce bisa rantsuwa, da kwafin duk takardar da zai dogara da ita. Takardar ba-zata ba ta da mashiga sai da izinin kotu. Ranar sauraro shaida zai tabbatar cewa rubutaccen bayanin nasa ne, daga nan lauyan ɗaya ɓangaren ya fara yi masa tambayoyi, yana tsaye a wurinsa, ba ya yawo. Mutum goma sha biyun nan da ake jerawa a gefe a finafinan Amurka babu su a kotunan Najeriya, alƙali shi kaɗai ke auna hujja. A kotuna da dama har yanzu da hannu alƙali yake rubuta abin da ake faɗa, don haka gogaggen lauya idonsa na kan alƙalamin alƙali, yana magana yana dakatawa. Saƙon WhatsApp da kake taƙama da shi ma ba a miƙa wa alƙali waya a ce ya duba. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kan duk hujjar da ta fito daga na'ura, har da takardar shaida kan na'urar da ta fitar da ita. Tsarin mulki ya ba alƙali kwana 90 ya yanke hukunci bayan jawabin ƙarshe na lauyoyi, amma kafin a kai ga wannan jawabi shekaru na iya shuɗewa ana ɗage zama.

Aikin lauya ke nan, takarda ne da kiyaye ranaku. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun ƙara saboda da sunan ofishin lauyoyi aka sa musu hannu, ba da sunan mutumin da ke cikin rajistar lauyoyi ba. Idan wannan ya faru da lauyoyi na gaske, to ina ga wanda bai taɓa zama lauya ba? Akwai shirin Amurka da aka gina shi kacokan kan saurayi mai kaifin ƙwaƙwalwa da ke aikin lauya babu takarda, masu kallo suna ta yi masa fatan kada asirinsa ya tonu. A nan, ranar da ya tonu, takardun da ya sa wa hannu sun mutu, kuma kai ne za ka koma farko. Wani lokaci ma babu farkon da za a koma, domin dokar ƙayyade wa'adi ta Legas shekara 6 ta bayar ga ƙarar bashi ko yarjejeniya, shekara 12 ga rigimar fili tsakanin mutane. Idan wa'adin ya ƙare kana hannun ɗan damfara, haƙƙinka na kai ƙara ya tafi.

Ba duka ƙarya ba ne abin da ake nunawa. Sirrin da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa gaskiya ne, tambayoyin ƙure suna tona maƙaryaci, kuma dokar shari'ar laifuka ta Legas ta amince da sasantawa inda wanda ake tuhuma zai amsa laifi a sassauta masa. Sai dai fim ba ya nuna yadda ake gane cewa mutumin da ke gabanka lauya ne, kuma mai amana. Hanyoyi uku ake bi, kowacce da irin ƙaryar da take kamawa.

Shaidar jama'a

Ita ce kowa ya fara da ita. Dillalin tumatir zai je wurin shugaban sashensu a kasuwa, ko fadar Sarkin Hausawa, ko ya tari wani bayan sallar La'asar: "Alhaji, don Allah wane Barista ne ya tsaya maka a maganar motarka?" Kafin Magariba an ba shi lamba. Ba ta cin kuɗi, ba ta cin lokaci, kuma ita kaɗai ce ke gaya maka abin da babu rajistar da ke ɗauke da shi: shin mutumin nan yana ɗaga waya bayan ya karɓi kuɗi? Yana zuwa kotu da kansa ko kullum sai ya turo yaro ya nemi a ɗage? Da aka biya diyya ta hannunsa, nawa ya iso hannun mai ita, kuma bayan wata nawa?

Rauninta biyu ne, kuma dukansu daga halinmu suke. Na farko kara. Bahaushe ba ya son ya ɓata wanda suke gaisawa, sai ya ce "ba shi da laifi", alhali a ransa ya san ba zai sake kai masa aiki ba. Na biyu kamasho. Wasu masu haɗa mutane da lauya suna da kasonsu, musamman masu tsayuwa a bakin ofisoshin 'yan sanda da kotunan majistare, inda ake samun lauyoyin da ake wa laƙabi da caji-da-beli. Ƙa'idojin aikin lauya sun hana neman aiki ta hannun 'yan kamasho, saboda haka wanda ya zo maka ta wannan ƙofa ya riga ya nuna maka yadda yake ɗaukar ƙa'ida. Ga kuma wani abu: jama'a ba sa bambance lauya da tsohon magatakardan lauya. Mutum ya shekara goma yana ɗaukar jakar maigidansa, ya san rajistara, ya san inda ake biyan kuɗi, ya iya Turancin kotu, unguwa ta sa masa Barista, shi kuma bai musa ba.

Ana iya ƙara wa wannan hanya ƙarfi. A tambayi mutum uku da ba su san juna ba, kuma a samu aƙalla ɗaya wanda bai yi nasara ba, domin wanda ya ci shari'a kowa gwani ne a wurinsa. Kada a tsaya kan "yaya yake?" A ce: wace kotu, wace shekara, nawa ya karɓa, ya ba ka rasit? Sannan a dubi mai haɗin a yi masa tambaya cikin raha: "Malam, kai ma akwai na goro a ciki?" Yadda ya amsa ya isa.

Binciken rajista da kanka

Wannan ce mutane suka fi gudu, suna ganin sai ɗan boko, alhali yini ɗaya ko biyu ta ishe ta. Lauya a Najeriya hanya ɗaya yake biyowa: digirin shari'a, wanda a jami'o'inmu shekara 5 ne, sai Makarantar Horar da Lauyoyi da aka kafa a Legas a 1962, wadda yanzu hedikwatarta ke Bwari kusa da Abuja, tana da rassa har da na Bagauda a Kano da na Yola. Wanda ya ci jarrabawa majalisar manyan lauyoyi ce ke rantsar da shi, sannan a rubuta sunansa a rajistar da ke Kotun Ƙoli, a ba shi lamba da ake kira SCN. Mai digiri kaɗai, ko da ya fito da sakamako mafi daraja, ba lauya ba ne.

Abu uku za ka nema a bakinsa: cikakken sunansa kamar yadda yake a rajista, shekarar da aka rantsar da shi, da lambarsa. Lauyan gaske ba ya jin haushin wannan, lambar ma tana jikin hatiminsa. Tun 2015 ƙungiyar lauyoyi ta NBA ta fara tilasta liƙa ɗan hatimi a kan takardun da lauya ya shirya, mai ɗauke da suna, lamba da lokacin da zai daina aiki. Ka ce ya nuna maka. Ka nemi ganin rasit na kuɗin izinin aiki na bana, wanda ake biya kafin ƙarshen watan Maris. Daga nan ka tambaye shi reshen ƙungiyar da yake, ko Ikeja, ko Legas, ko Ikorodu, ko Badagry, ko Epe, ka je sakatariyar reshen da sunan da lambar ka tambaya ko sun san shi. Sunan ofishinsa kuma ana iya duba shi kyauta a shafin intanet na hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ko da yake rajistar ofis ba ta mayar da mai ofis lauya.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne, ɗan damfara mai wayo ba ya ƙirƙirar lamba. Sunan lauya na gaske yake ara, wani lokaci na wanda ke wata jiha mai nisa, wani lokaci na mamaci. Za ka duba ka ga suna da lamba sun dace, ka saki jiki. Maganin wannan shi ne katin shaida mai hoto, na ɗan ƙasa ko lasisin tuƙi ko fasfo, ka haɗa fuska da suna. Hoton ranar rantsuwa da ke rataye a bango ba hujja ba ne, hular gashi da baƙar riga a kasuwa ake sayar da su. Takardar shaidar da ke cikin gilashi ma haka, duk wanda ya zauna a Legas ya san abin da ake nufi idan aka ce takarda 'yar Oluwole ce, wato ta jabu.

Amma kada a ɗauki kowane saɓani a matsayin damfara. Lauya mace da ta yi aure tana iya amfani da sunan da ya bambanta da na rajista, sai a nemi takardar canjin suna. Hatimin da wa'adinsa ya wuce sakaci ne, ba ƙarya ba, kuma a 2015 Kotun Ƙoli, a shari'ar Yaki da Bagudu, ta ce takardar da ba a liƙa wa hatimi ba ana iya gyara ta, ba ta mutu ba. Rashin suna a rajista kuwa ba shi da gyara. Haka wanda kwamitin ladabtar da lauyoyi ya dakatar ko ya soke sunansa. Hukuncin kwamitin a fili ake yanke shi, jaridu na bugawa, don haka rubuta sunansa a intanet ba ɓata lokaci ba ne. Idan ya ce shi SAN ne, wato mai muƙamin babban lauyan Najeriya, wannan ya fi komai sauƙin ganewa, domin tun 1975 da aka fara ba da muƙamin ana sanar da sunayen waɗanda suka samu, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 10 da rantsuwa ba.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda muka fi ba muhimmanci, kuma kusan babu mai yin sa: ka tambaye shi ranar da yake da zama, ka je ka zauna a baya. Kotu a buɗe take ga kowa, da ƙarfe tara na safe ake sa ran fara zama. Duba jerin ƙararrakin da ke liƙe a ƙofa. Idan aka kira tasa, za ka ji ya miƙe ya faɗi sunansa, alƙali ya rubuta. Za ka ga ko fayil ɗinsa a tsare yake ko yana ta laluben takarda, ko alƙali na yi masa faɗan bai shigar da abu a kan lokaci ba. Wataƙila minti biyar kacal zai yi a tsaye, babu ihu, babu nuna yatsa. Gani ya kori ji.

Abin da rajista ba ta gaya maka shi ne hali. Mutum na iya zama lauya cikakke, hatiminsa sabo, kuma ya cinye kuɗin marayu.

Kamfanin bincike, ko lauya na biyu

Akwai kamfanoni a Legas da sana'arsu ke nan. Suna rubuta wa jami'a su tabbatar da digiri, su tuntuɓi hukumar yi wa ƙasa hidima, su kira wuraren da mutum ya yi aiki, su aika wani ya ga gidan da ya ce yana zaune, su gana da masu tsaya masa. Wannan ya fi dacewa da mai kamfanin sufuri a Apapa ko ɗan canji da zai ɗauki lauya, akanta ko manaja aiki na dindindin, wanda zai riƙa ganin asusu. Don shari'a guda ɗaya ya yi nauyi, kuma jiran amsar jami'a kaɗai na iya cin makonni.

Darajar wannan hanya ɗaya ce: komawa tushe. A 1999 Salisu Buhari ya kai har kujerar shugaban Majalisar Wakilai da iƙirarin digiri daga jami'ar Toronto, sai da 'yan jarida suka bi diddigi aka gano babu shi, ya sauka. A 2018 ministar kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye aiki kan takardar yafewar hidimar ƙasa, ta kuma bayyana cewa ta hannun waɗanda ta amince da su ta samo ta, ba ta san ba ta gaske ba ce. Dukansu sun wuce tantancewa kafin su hau, kallon takarda bai kama komai ba. Na biyun ma gargaɗi ne ga masu aiken "a karɓo mini": kana iya riƙe jabu ba ka sani ba.

Saboda haka rahoton kamfani ba a karanta shi daga shafin ƙarshe. Kowane layi ya faɗi wa aka tuntuɓa, ranar nawa, ta wace hanya, kuma ya bambanta abin da aka tabbatar daga tushe da abin da aka nema ba a samu amsa ba. Kamfanin da ya kawo maka komai lafiya lau cikin kwana biyu a kan tebur ya rubuta. Takardar shaidar hali ta 'yan sanda, wadda aka saba nema a Alagbon da ke Ikoyi, abin da ke cikin rajistarsu kawai take faɗa. Wanda aka kora daga aiki kan kuɗi aka rufa masa asiri ba zai fito a ciki ba. Sannan akwai doka a kanka kai ma. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa hanyar da ta fi tsafta ita ce ka sanar da mutum, ya sa hannu cewa ya yarda a bincika. Kamfanin da ya yi maka tayin leƙo asusun bankinsa ko kiran wayarsa, rigima yake sayar maka. Sau da yawa ma takardar amincewar ita ke yin aikin: mai abin ɓoyewa yana ganinta sai ya ce zai dawo gobe.

A cinikin fili, lauya na biyu ya fi kamfani amfani. Kada ka yarda da "lauyan mai fili zai rubuta mana duka". Ka ɗauki naka daban, wanda zai yi bincike a ofishin rajistar filaye da ke Alausa, ya kai taswirar ofishin babban safiyo a duba ko filin na cikin wanda gwamnati ta karɓe, ya kuma bi maganar amincewar gwamna da dokar filaye ta 1978 ta wajabta.

To wacce za a ɗauka? Ya danganta da abin da za a rasa. Idan kamu ne cikin dare, babu lokacin zuwa sakatariya. A yi amfani da shaidar jama'a, amma a nemi suna da lamba da ganin hatimi kafin kuɗi su fita, a kuma tuna cewa belin 'yan sanda a doka kyauta ne, kuɗin lauya ladan aikinsa ne, ba kuɗin beli ba. Wanda ba shi da kuɗin ɗaukar lauya yana da Ofishin Kare Jama'a na jihar Legas da aka kafa a 2000, da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, kuma wanda ake tuhuma da laifi yana da haƙƙin tafinta kyauta idan ba ya jin Turanci. Idan bashi ne na buhunan albasa ko kuɗin kaya, mai yiwuwa ba ka buƙatar lauya sam: kotun ƙananan basussuka da Legas ta buɗe a 2018 an tsara ta ne don abin da bai wuce naira miliyan 5 ba, mutum ya tsaya wa kansa, da burin a gama cikin kwana 60. Rigimar haya ko ta abokan ciniki kuma a fara gwada cibiyar sasanta jama'a ta jihar. Fili, gado, ko duk shari'ar da za ta je Babbar Kotu, a ra'ayinmu ba a tsallake rajista da zaman kallo a kotu, sannan a ɗora shaidar jama'a a kai. Kamfani a bar shi ga ɗaukar ma'aikaci.

Gaskiyar ba a wuyan lauya kaɗai take ba. Wanda ya ɓoye wa lauyansa cewa ya taɓa karɓar rabin kuɗin, ko ya sa hannu a wata takarda a ofishin 'yan sanda, a bakin lauyan abokin hamayya zai ji ta, a lokacin da babu gyara. Haka idan aka zo tambayarka game da yaron da ya yi maka aiki: ka faɗi abin da ka gani da idonka, shekarun da ya yi da dalilin rabuwa, ba zargi ba, ba kuma "yaron kirki ne" don kawai a rabu lafiya.

Lauyan da ya ce maka "wannan shari'a a aljihuna take" ko "alƙalin mutumina ne", tashi ka ba shi wuri. Wanda kuka daidaita da shi kuwa, ku rubuta: aikin da zai yi da inda ya tsaya, ko ɗaukaka ƙara na ciki, jimillar kuɗi da yadda za a biya, kuɗin zuwa kotu a kowane zama idan akwai, da kuɗin shigar da takardu, wanda kotu ke ba da rasit nasa daban. Yarjejeniyar "sai an ci a raba" ana yin ta a ƙarar kuɗi ko dukiya, ba a yin ta a shari'ar laifi. A biya ta banki da sunan ofis ko sunan da ke kan hatimi, ba asusun wani yaro ba. Kuɗin da zai karɓa a madadinka doka ta ce a asusun masu hulɗa da shi zai ajiye, daban da nasa. Ka karɓi lambar ƙararka da kwafin duk abin da aka shigar mai ɗauke da tambarin kotu. Takardunka na asali kuwa kwafi za ka ba shi, su zauna a hannunka har ranar da za a miƙa su gaban alƙali. Idan dole sai ya riƙe, ya rubuta maka jerinsu ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannu da kwanan wata.